Giga 125 da suka yi ɓatan dabo a kwamfutata

Daren wata Laraba ina haɗa bidiyon walimar saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya a unguwarmu, aikin da na yi alkawarin miƙawa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na gama yanke-yanke, na jera sunayen ɗalibai, na danna fitar da bidiyo, na tafi wajen mai shayi. Da na dawo sai na tarar aiki ya cije a kashi 80 da ɗoriya, ga ɗan saƙo a tsakiyar allo wai babu isasshen wuri. Na leƙa rumbun C, wato babbar ma'ajiyar fayiloli ta kwamfutar, giga 3 kacal suka rage.

Ba zan ce abin ya zo mini ba-zata ba. Zanen nan da ke nuna cikar rumbu ya fi wata biyu da komawa ja, domin Windows tana mayar da shi ja ne da zarar abin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin ɗari. Kullum ina ganinsa ina cewa gobe, kamar ɗan acaɓa da ya saba da ƙarar da injinsa ke yi.

Laftof ɗin ta hannu ce, irin wadda ake kira tokumbo: RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) giga 16, rumbu irin na SSD giga 256, da Windows 10 a kai. Da ita nake neman abinci, bugun furojet na ɗalibai, katin biki, sai haɗa bidiyo idan ya samu.

A daren nan na yi abin da kowa yake yi, na auka wa foldar Downloads da goge-goge. Tsofaffin bidiyoyi, manhajojin da na riga na girka tuni, duk na kwashe, kusan giga 4. Na koma na duba, har yanzu giga 3 ne. Sai da na yi minti biyar ina kallon allo kafin na tuna cewa abin da ka goge kwandon shara yake komawa, kwandon kuma a cikin rumbun yake zaune. Ka share ɗaki ke nan ka tara sharar a bayan ƙyaure. Da na zazzage kwandon giga 11 suka fito, don akwai sharar watanni a ciki. Da wannan bidiyo ya samu ya fita, na miƙa aiki a kan lokaci.

Safiyar Asabar na buɗe, giga 14 sun koma 6. Bidiyon da na fitar kuwa bai kai giga 3 ba.

Maƙwabcin shagona mai ɗaukar hoto ko allon bai kalla ba ya yanke hukunci: "Bairos ne, malam. Kai ta a yi mata fomat ka huta." Zatonsa na da ɗan tushe, don dukkanmu mun sha fama da bairos ɗin nan na filash mai ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi marasa amfani, filash ya nuna a cike alhali ba ka ganin komai. Na sa manhajar tsaro ta bincika, ba ta kama komai ba. Fomat kuwa kwana biyu zai ci mini na sake girka manhajoji, ga kuɗin data, sannan bayan wata shida in koma gidan jiya tunda ban san abin da ya cinye wurin ba. Na ɗauko biro da takarda na ce yau sai na yi wa rumbun nan ƙidaya.

Abu na farko da na rubuta shi ne wanda ya daɗe yana ci mini rai tun ranar da na sayi laftof ɗin: an ce mini 256, amma Windows 237 take nunawa. Na taɓa zargin mai sayarwar ma a raina, Allah ya yafe mini. Ashe bambancin mudu ne. Masu ƙera rumbu suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, ita kuwa Windows tana tafiya ne da 1,024 a kowane mataki, don haka gigarta bait 1,073,741,824 ce. In ka raba biliyan 256 da wannan adadi, 238 da 'yan kai za ka samu. Hatsin ɗaya ne, tiyar Windows ce ta fi girma. Gigar da ta rage kuma ta tafi wasu ƙananan yankuna biyu da Windows ke yankewa, ɗaya na tayar da kwamfuta, ɗaya na gyara idan ta ƙi tashi; ana ganinsu a Disk Management. Wannan kam babu wanda zai dawo maka da shi, sai na soke shi daga lissafi.

Sai na bi foldodina ɗaya bayan ɗaya ina duba nauyinsu: takardu, hotuna, bidiyo, Downloads, da tarkacen da ke kan fuskar kwamfuta. Jimla giga 58. Foldar Windows 27. Foldodin manhajoji guda biyu, 21. Duka 106 ke nan. Windows kuwa ta ce an cinye 231. Na sake lissafi da kalkuleta don kada a ce biro ne ya yi ƙarya. Giga 125, fiye da rabin rumbun, suna wurin da ido bai kai ba.

Na kira wani abokina da ya fi ni sanin cikin kwamfuta, tun makaranta muke tare. Ya ce, "Mutumina, ka buɗe ɓoyayyun fayiloli kuwa?" Na ce na taɓa sa alamar Hidden items a File Explorer, inda ake buɗe foldodi. Ya ce wannan ƙofar farko ce kawai, akwai ta biyu a cikin Options, layin da ke cewa a ɓoye fayilolin tsarin da aka kare, in cire alamar da ke kansa. Windows ta yi mini gargaɗi, na ce na ji. Nan take wasu fayiloli da ban taɓa gani ba suka bayyana a bakin rumbun C: hiberfil.sys mai giga 6.4, pagefile.sys mai giga 9, da wani ƙarami swapfile.sys.

Shi pagefile.sys wurin da Windows ke sauke kaya ne idan RAM ta cika, kuma haɗa bidiyo na cika RAM. Ban taɓa shi ba. Na ga masu ba da shawarar a kashe shi, amma wanda ya taɓa ganin manhaja ta rufe kanta ana tsakiyar aiki ba zai yi wannan cinikin don giga 9 ba.

Na fi daɗewa a kan hiberfil.sys. Shi ne inda kwamfuta ke kwafe abin da ke cikin RAM idan za ta yi dogon barci, yadda in ka kunna za ka tarar da komai a inda ka bari. A Windows 10 girmansa kashi 40 cikin ɗari ne na RAM, shi ya sa nawa ya zama 6.4. Umarni ɗaya ke kawar da shi, powercfg /h off, a baƙin allon nan na rubuta umarni (Command Prompt), in ka buɗe shi da ikon mai gida, wato administrator. Na rubuta umarnin har na ɗora yatsa a kan Enter, sai na tuna batirina. Ba ya kai minti ashirin idan an ɗauke wuta, kuma abin da ke cetona in ina waje aka ɗauke shi ne laftof ɗin na shiga wannan dogon barcin da kanta idan batir ya zo gargara. Sau nawa na dawo na tarar da furojet ɗin ɗalibi yana nan daram saboda wannan fayil. Wanda ke da tsayayyar wuta ko kwamfutar tebur zai iya kashe shi ya ci riba, sai dai ya sani saurin tashin nan na Fast Startup ma zai tafi tare da shi. Ni dai na goge umarnin. An gano giga 15, amma ko ɗaya bai dawo aljihuna ba.

Daga nan na sauke WinDirStat, wata ƙaramar manhaja ta kyauta. Aikinta ta zagaye rumbu ta zana maka kowane fayil a matsayin murabba'i mai launi, girmansa daidai da nauyinsa, sai allon ya koma kamar gonaki in ka hango su daga kan dutse. Ka danna babbar gona, ta nuna maka sunan mai ita da inda take. Gani ya kori ji: abin da na yi awa biyu ina lalube da biro, cikin 'yan mintoci ya fito fili.

Kusan duk manyan gonakin suna cikin wata folda mai suna AppData, wadda ke ɓoye a cikin foldar sunana, shi ya sa ƙidayata ta tsallake ta. Can manhajoji ke ajiye kayansu. Manhajar da nake haɗa bidiyo da ita ta tara giga 19 na fayilolin wucin-gadi, waɗanda take ƙirƙira don aiki ya yi sauri. Har na bikin da na haɗa bidiyonsa bara suna nan, ma'auratan ma sun haihu. A cikin saitin manhajar akwai maɓallin share su, ban taɓa leƙawa ba. Sai manhajar da nake sauke abubuwa da ita: duk lokacin da netwok ya yanke na haƙura da wani abu a rabi, guntun yana nan a ajiye yana jiran in dawo. Giga 7 na guntaye. Foldar Temp kuma giga 4. Waɗannan ukun ban yi wata-wata ba na share, sai 'yan fayiloli kaɗan a Temp da suka ce ana amfani da su, na tsallake su.

A cikin foldar Windows na hango wata mai suna WinSxS ta yi ƙatoto. Hannuna ya fara ƙaiƙayi. Abokina ya ce, "Wallahi in ka taɓa ta da hannu, fomat ɗin da kake gudu shi za ka yi." Ya yi mini bayani cewa sassan Windows ne a ciki, kuma girman da take nunawa ya wuce na gaskiya, domin fayiloli da yawa a cikinta su ne dai waɗanda ke wasu foldodin, suna biyu jiki ɗaya, sai a ƙirga su sau biyu. Haka ya hana ni foldar Installer, ya ce in na goge ta wasu manhajoji ba za su ƙara karɓar sabuntawa ba, ba kuma za su ciru ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hanyar da ta dace ita ce Disk Cleanup, a danna maɓallin share fayilolin tsari, a bar Windows ta zaɓi tsofaffin sabuntawar da ta gama da su. Ya ɗauki fiye da rabin awa kamar ya maƙale, daga ƙarshe ya ba ni giga 5. Ya kuma ce in nemi Windows.old, foldar da ke ɗauke da tsohuwar Windows bayan babbar sabuntawa, wadda kan yi nauyi ƙwarai. Ba ni da ita, don Windows na share ta da kanta bayan kwana 10.

Saura gona mafi girma a AppData, giga 31, kuma a nan ne na kusa yin aika-aika.

Folda ce mai dogon suna na haruffa da lambobi barkatai. A cikinta ƙananan foldodi jere, 00, 01, 02, har zuwa ff, kowace cike da fayiloli masu sunaye na haruffa 40 marasa ma'ana, babu wanda ke buɗuwa. Ga wanda ya yini yana share tarkace, wannan ta fi kowace kama da shara. Na riga na zaɓe ta, na danne Shift don ta wuce kwandon shara kai tsaye. Abin da ya tsayar da ni kawai shi ne idona ya faɗa kan adireshin da ke sama: Apple Computer, MobileSync, Backup. Ni kuwa ban taɓa riƙe iPhone ba. Na saki Shift, na gangara ƙasan foldar, na ga wani fayil Info.plist, na buɗe shi da Notepad. Cikin rubutun da ya cika allo sai ga sunan ƙanwata, irin yadda take rubuta shi da lanƙwasa, da kwanan wata na shekara ɗaya da rabi da ta wuce.

Na kira ta.

"Yaya, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Kin taɓa jona wayarki da laftof ɗina?"

"Wace? Wadda aka ƙwace?"

"Ita."

"Sau ɗaya, ranar da na zo ɗaukar karatun nan. Ai har ka yi mini faɗa wai na daɗe. Wani abu na lalata?"

Ranar ta girka iTunes don ta tura karatu cikin wayar, shi kuwa iTunes idan aka haɗa waya yakan ɗauki kwafin abin da ke cikinta ya ajiye. Daɗewar da na yi mata faɗa a kai ashe kwafin ne ke tafiya. Bayan wata biyu aka ƙwace wayar a hanyarta ta dawowa daga asibiti. Giga 5 na kyauta da iCloud ke bayarwa sun cika tun da daɗewa, saboda haka hotunan sunan ɗanta na fari da na bikinta duk ta sallama su, ta yi kukanta ta haƙura. Da na gaya mata abin da na gani sai ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, don Allah kar ka taɓa, ga ni nan zuwa." Na ce ko ta zo babu abin da za ta gani, sai an mayar da kwafin cikin wata iPhone tukuna. Duk da haka ta zo, ta zauna tana kallon 00 da 01.

Ina da wani rumbu na waje, wanda aka rubuta 500 a jikinsa yake nuna 465, labarin mudun nan dai. Na kwafe foldar gaba ɗaya zuwa cikinsa, na gwada nauyi da adadin fayiloli a ɓangarorin biyu, suka zo daidai, sannan na goge ta cikin laftof.

Har yanzu lissafi bai cika ba. A WinDirStat akwai zaɓin Show Unknown, wanda ke nuna wurin da Windows ta ce an cinye amma manhajar ba ta samu ikon leƙawa ba. Da na kunna shi sai ga wani fili fetal, kusan giga 50, babu suna. Akwai wata folda a bakin rumbun, System Volume Information, da ta ƙi buɗuwa, nauyinta ma sifili take nunawa. Abokina ya ce in buɗe baƙin allo da ikon mai gida in rubuta vssadmin list shadowstorage. Layuka kaɗan suka fito: wurin da aka cinye giga 43, iyakar da aka yarda a cinye kashi 50 cikin ɗari.

Wannan kuwa aikina ne, da hannuna. Shekara biyu baya wata manhaja ta taɓa rikita mini kwamfuta, System Restore ya mayar da ita yadda take kwana uku kafin nan. Don murna na shiga saitinsa na ja ma'aunin har tsakiya, a tunanina yawan wuri yawan tsaro, na manta da batun. Yadda abin ke aiki shi ne, bayan Windows ta ɗauki hoton halin da rumbu ke ciki, duk wani yanki da za a rubuta sabon abu a kansa sai ta fara kwafe tsohon ta adana. Mai buga takardu ba zai ji nauyin wannan ba. Amma mai juya manyan fayilolin bidiyo kullum, yana gogewa yana sake rubutawa, ajiyar tasa kumbura take yi. Shi ya sa giga 14 na daren Laraba suka narke kafin Asabar: ina sharewa ta gaba, tana tarawa ta baya, kuma na ba ta izinin ci har rabin rumbu.

Ban kashe shi ba, tunda ya taɓa fitar da ni kunya. Na rubuta Create a restore point a wurin bincike, na shiga Configure, na ja ma'aunin ya dawo kashi 5, wato wajen giga 12. Windows ta zubar da tsofaffin hotunan halin rumbun ta bar na kusa, nauyin ya sauko giga 10. Duk wanda zai yi haka ya tabbatar kwamfutarsa lafiya take a ranar, domin waɗanda aka zubar ba sa dawowa. 'Yan gigogin da suka rage a lissafina kuwa, akasarinsu wurin da Windows 10 ke keɓewa ne don sabuntawa tun fitowar 2019, wanda kan kai wajen giga 7, sai tarkacen burauza. Na bar su.

Kafin in rufe na mayar da alamar nan ta ɓoye fayilolin tsari, don yara na taɓa laftof ɗin, na kuma kunna Storage Sense ya riƙa zazzage kwandon shara duk abin da ya kwana 30 a ciki. Ana kiran la'asar rumbun C na nuna giga 105 a sake, zanen ya koma shuɗi.

Rumbun waje yana cikin durowa, na manna masa takarda na rubuta "kar a goge". Ƙanwata Android take riƙewa yanzu. Ta kawo shawarar mu ari iPhone ɗin wata ƙawarta mu zuba kwafin a ciki, na ce mata zubawar za ta shafe duk abin da ke wayar ƙawar, sai ta fasa. Ta ce ta shiga adashi, kwasarta na zuwa bayan Babbar Sallah.